Ranar da Kawu Injiniya Ya Hana Amalala Yoyo

Ku matso nan, 'ya'yana, daga babbanku har auta. Kowa ya kife wayarsa. Ban tara ku don duba lafiyata ba, lafiyata ƙalau, in ban da kan nan da kawunku da matarsa suke neman fasa min. Kun ga wannan makullin da ke ƙulle a bakin zanena? Na motarsa ne. Ku ji yadda aka yi ya zo hannuna, kuma kada wanda ya katse ni.

Kun dai san kawunku, ƙanena, wanda ya wayi gari ya raɗa wa kansa Injiniya ba tare da wata makaranta ta sani ba. Ya yi aiki a ma'aikatar ruwa har ya yi ritaya, wannan gaskiya ne. Abin da ba ya faɗa shi ne, a ɗakin ajiye fayil ya ƙare rayuwar aikinsa, ruwan da ya taɓa a wurin bai wuce na butarsa ba. Amma ka zauna da shi, sai ka rantse shi ya haƙa teku. Kullum maganarsa ɗaya: "Ni da ruwa mun san juna. Ɗigo ɓarna ne, kuma duk inda ka ga yoyo, to, akwai rago a kusa."

Ga shi kuwa Allah ya haɗa shi da motar da ta fi kwando yoyo. Shi yana kiranta Tsohuwar Zuma. Mutanen layi kuwa Amalala suke ce mata, don kowace safiya sai an tarar ta jiƙa shimfiɗarta kamar yaro mai fitsarin kwance. But ɗinta cike yake da jarkoki. Ba ta yin tafiyar kirki sai an tsaya an buɗe bonet an yi mata ban-ruwa kamar lambu.

Antinku ta daɗe tana haɗiye abin. Ranar da haƙurinta ya ƙare, ranar da motar ta tsaya da su a tsakiyar titi ne da rana tsaka, jarkoki duk sun ƙare, Kawu ya miƙa mata guda ya ce ta shiga gidan mutane ta roƙo, wai mace an fi jin tausayinta. Da suka dawo gida ko mayafi ba ta cire ba.

"Malam, zauna."

"Ai a zaune nake, Hajiya."

"To buɗe kunne. Likitan ido ya ba ni ranar karɓar tabarau. Ka kai ni a motar nan, ka dawo da ni har ƙofar gidan nan. Ba tsayawa zuba ruwa, ba turi. In ta yi, ka ci gaba da zama da abarka, ba zan ƙara magana ba. In ta kasa, masu sayen tsohon ƙarfe su zo su kwashe ta."

"Tsohuwar Zuma? Tsohon ƙarfe?"

"In kana sonta, ka kai ta gun bakanike."

Kawu ya yi wata dariya har da riƙe ciki. "Bakanike! Ni da na shayar da gari guda, ni zan kai ɗan cokalin ruwa gun yaro mai baƙin farce? Hajiya, kin sa sharaɗi, na karɓa. Za ki ga aiki."

Da ya yi shiru da bakinsa da abin ya tsaya a cikin gida. Ina! Kafin ta ɗora tukunya ya haura tudun layinsu, inda shagon Tela yake manne da na Mai-aski, da dogon bencin da zaman kashe wando ya goge shi har yana ƙyalli. Nan ya zazzage musu sharaɗin kaf, ya ce su zama shaida.

Tela ya ɗago daga kan keke, allura a baki. "Injiniya, ka ce Amalala za ta daina?"

"Ka sake kiranta da wannan suna, mu ɓata."

Mai-aski ya ce, "Ni dai in ta daina, ina zan riƙa samun ruwan yayyafa wa ƙofar shago?"

"Ku yi dariyarku. Baki shi ke yanka wuya."

"Ai shi muke gaya maka," in ji Tela.

Washegari Kawu ya dawo daga kasuwa da jan gam, irin wanda ake liƙe bakin inji da shi, har cikin leda guda, da wani gam ɗin kuma da mai shago ya rantse masa yana kama ƙarfe da ƙarfe. Ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ya jera sifana da filaya da sukundireba kamar likita zai yi tiyata. Ya ɗaga bonet ya tokare da sanda. Ya daɗe yana kallon injin yana gyaɗa kai, don masu wucewa su gani.

Yoyon farko a fili yake, babban tiyon sama ne, daidai inda ya kama bakin lagireto. Ya kwance kilif, ya murɗe tiyon ya fita. Sai ya tuna ya taɓa jin cewa ƙwararru ba sa barin bakin tiyo a buɗe, kada ƙura ta shiga. Ya waiga bai ga tsumma ba. Ya leƙa tsakar gida, ya miƙa hannu kan igiyar shanya, ya fizgo abin da ya fi kusa. Shuɗin ɗankwalin Antinku ne, sabo fil, wankinsa na fari ke nan, wanda ta tanada don ranar asibiti. Ya cusa shi cikin tiyon. Ya ga yana leƙowa, ya bi shi da sukundireba ya danna can ciki, yadda zai zauna da kyau.

Daidai nan Mai-aski ya gangaro, hannu a aljihu.

"Injiniya, ya mai jiki?"

"Zo ka ƙaru. Ka ga, ruwa ɓarawo ne. Ba a binsa da gudu, ƙofa ake rufe masa."

Ya shiga lacca, yana nuni da sifana, tun daga yadda ruwa ke tunani har zuwa manyan injiniyoyin da suka riƙa zuwa ɗakin fayil neman shawararsa. Bakinsa na zuba, hannunsa na aiki. Ya lafta wa bakin lagireto jan gam kamar mai yaɓen ɗaki, ya mayar da tiyo, ya ɗaure kilif tamau. Ɗankwali kuwa ya kwanta a ciki, ba wanda ya ƙara tunawa da shi.

Da la'asar Antinku ta fito kwashe shanya. Idonta bai gani sosai, sai ta bi igiya da hannu, ta je ta dawo.

"Malam, ka ga shuɗin ɗankwalina?"

Ku fa sani, kawunku ba ƙarya ya shirya ba. Mantawa ya yi har ga Allah. Amma mutum ne da bai taɓa cewa "ban sani ba" tun da aka haife shi. Ya kalli ƙofa, sai ga akuyar Tela tana wucewa tana tuƙa.

"Ga ɓarauniyarki nan! Da idona na gan ta tana shinshinar igiya."

Kafin a ce me, yana ƙofar shagon Tela yana ɗaga murya. Tela ya ce akuyarsa a cikin ƙyallaye ta tashi, ba ta taɓa cin ko zare ba. Kawu ya ce ai shi ya sa ta san mai tsada. Aka taru aka ba Tela haƙuri, aka ce don zaman lafiya ya ɗaure dabbarsa. Ya kafa turke a gaban shago ya ɗaure ta, tana kuka, shi yana ƙwafa.

"Allah na nan," in ji Tela.

"Yana nan, kuma ya ga akuya," in ji Kawu.

Da safe ya cika lagireto ya tayar da mota. Tiyon sama bai ɗiga ba. Kawu ya buga ƙirji, har ya buɗe baki zai kira mutanen benci, sai ya ji ɗis, ɗis. Ruwa ya ɓullo ta gefen wani ƙoƙon ƙarfe a kan inji, wurin da bai taɓa yoyo ba tun da aka ƙera motar. Dalili kuwa a fili yake ga mai hankali, an toshe wa ruwa hanyarsa, zafi ya matsa masa, dole ya nemi mafita. Amma Kawu murna ya yi.

"Ya ji wuta! Gudu yake, ina biye da shi."

Ya kwance ƙoƙon, tsohon gasket, wato 'yar shimfiɗar da ke hana bakinsa yoyo, ya ruguje masa a hannu kamar busasshen ganye. Ya yanko kwalin takalmi ya yi sabo, ya shafe shi da gam ciki da bai, ya ɗaure. Ya tayar. Ruwa ya fito ta famfon ruwa, can ƙasa bayan fanka. Ya kwanta a ƙarƙashin mota ya bi shi da gam. Ya tayar. Ruwa ya fito ta tiyon ƙasa. Ya liƙe. Sai ruwan ya ɓace gaba ɗaya, Kawu ya zagaya mota yana washe baki, ya buɗe ƙofa zai kashe inji, ya tarar da shi kwance a cikin mota, daidai inda mai zaman gaba ke ajiye ƙafa.

Wani abu kuma, ruwan ya sake launi. Da can ja-ja ne na tsatsa, yanzu ya koma shuɗi shar. Mai-aski ya tsuguna ya dangwala da yatsa.

"Injiniya, rini ka fara?"

"Jahilci ciwo ne. Dattin shekaru ne ke fita. In inji ya fara fitar da shuɗi, ya kusa warkewa."

Tela daga can kan tudu ya ɗaga murya. "A tambaye shi, ko akuyata ce ta yi wannan ma?"

Kwanaki aka yi ana wannan farauta. Gam ya ƙare aka ƙaro. Gam ɗin ya kama hannun rigarsa, ya kama filaya ya manne ta a jikin batir, tana nan har yau. Hularsa ta liƙe a cikin bonet, ya ce da ma can ya yi niyyar barinta a wurin don ta tare zafi. Ranar da ya shiga ƙarƙashin dashbod da gam mai kama ƙarfe, ya fito da rabin gemunsa a dunƙule kamar dutse, dole ya haura gun Mai-aski yana rufe da haɓa.

"Duka zan kwashe, ko in bar maka gefe guda na shaida?"

"Yi aikinka, ban zo hira ba."

Mai-aski ya waiga. "Tela, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama gam, me za ka yi?"

"In kai motata gun bakanike," in ji Tela.

Ana gobe asibiti, saura wuri ɗaya. A wuyan lagireto akwai wani ɗan siririn tiyo da ya leƙa ƙasa, wanda masu ƙera mota suka bari da gangan don in zafi ya yi yawa ruwa ya yi amai ta nan ya huce. Kawu ya ga yana tsiyaya, ya ja da baya ya riƙe ƙugu.

"Au! Ashe ga ƙofar baya. Ka ga sakacin kamfani, sun bar rami a buɗe, shekara da shekaru ba wanda ya lura sai ni."

Ya lanƙwasa shi, ya ɗaure da waya, ya cika bakinsa da gam. Ya ɗura ruwa har wuya, ya rufe murfin lagireto, ya zagaye shi ma da gam mai kama ƙarfe, tunda ai ba za a ƙara buƙatar buɗe shi ba. Allurar zafi da ke dashbod kuwa, wadda kullum take hayewa jan layi, ya ce tsohuwar maƙaryaciya ce mai tayar wa mutane hankali, ya manna mata filasta.

Sannan ya ɗauko farar rigarsa ya shimfiɗa a ƙarƙashin mota ta kwana. Da safe ya zaro ta a bushe ƙamas, ya haura tudu yana kaɗa ta kamar tuta.

"Ina masu baki? Ku taɓa!"

Tela ya taɓa. "A kashe ta kwana, ko a kunne?"

"Ana tayar da majinyaci ranar da aka yi masa aiki? Kai dai ka shirya kunyarka."

Ya kwashe jarkokin but gaba ɗaya ya jere su a bakin hanya, ya ce duk mai so ya ɗauka. Antinku ta fito da tsohon ɗankwali, fuska ba walwala, ta shiga gaba.

Zuwa dai lafiya lau. Safiya ce da sanyinta, hanya gangara, asibitin ba nisa. Kawu na tuƙi da hannu ɗaya, yana danna wa duk wanda ya sani oda, har da waɗanda bai sani ba. Motar ta huce a inuwa yayin da suke layin likita. Da suka fito rana ta take, Antinku na sanye da sabon tabarau, tana kallon duniya kamar yau aka yi ta.

Abin da ta fara gani gemunsa ne.

"Malam, me ya ci maka fuska?"

"Sabon yayi ne."

Suka shiga cunkoso. Ta duƙa ta kalli darduman ƙarƙashin ƙafarta.

"Wannan shuɗin fa? Kamar na san shi."

"Dattin inji ne."

"Wannan filastar fa, motar ce ta ji ciwo?"

"Hajiya, likita cewa ya yi ki riƙa hutar da idon."

Ta sa farce ta ɓare filastar. Allura ta wuce jan layi ta kwanta a ƙarshe kamar ta suma. Daga cikin bonet wani sauti ya fara tashi, ƙuuu, kamar cikin wanda ya kwana da yunwa. Da suka kama hawan layinsu ya koma gurnani. Bonet ya fara rawa. Wani ƙauri ya cika motar.

"Me ke tafasa?"

"Ƙarfi ne. Da can yoyo ke zubar mata da ƙarfi, yanzu ya taru."

Da ƙyar Amalala ta ja jiki ta hau kan tudu. Daidai gaban bencin Tela, inda rabin layi suka taru jiran sakamako, ta yi tari, ta yi shiru. Ga ƙofar gida can ƙasa ana hangenta, jifa ɗaya.

Kawu ya fito yana murmushi. "Ni na tsaya. Gaisawa zan yi da jama'a."

Mai-aski ya leƙa taga. "Hajiya, ki fito, abin nan huci yake."

"Ba inda za ni. Ƙofar gida muka yi da shi. Ina nan zaune har ya kai ni, ko ya faɗi da bakinsa cewa ta kasa."

"Kasawa? Ku zo ku ga aiki!" Ya naɗe hannu da gefen riga ya ɗaga bonet, ya tokare. Injin duk ya yi ja da gam kamar an yanka masa wuya, babban tiyon sama ya kumbura ya yi ciki kamar macijin da ya haɗiyi ƙwai. Jama'a suka ja da baya. Allah ya taimaki kawunku da son jawabi, don sai da ya tako gefe ya juya wa motar baya, ya ɗaga yatsa sama.

"Ku duba da kyau. Wanda ya ga ɗigo ɗaya, ɗigo ɗaya tak, ya aske min sauran gemun. Na rufe wa ruwa kowace ƙo..."

Buuum!

Tiyo ya fice. Tururi ya turnuƙe layi. Mai-aski ya tsallake benci, wanda ake wa aski ya bi shi da kumfa a rabin kai. Kawu ya samu kansa a cikin kwata, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ruwa shuɗi ya yi feshi a bangon shago. Sai ga wani abu ya yi sama daga cikin tururin, ya buɗe a iska, ya yi lilo, ya sauko a hankali ya faɗi jagwab a gaban shagon Tela.

Antinku ta gyara tabarau daga cikin mota. Muryarta ta ratsa tururin.

"Ɗankwalina!"

Tela ya miƙe tsaye a hankali. Bai yi fushi ba. Fuskarsa ta cika da wani irin daɗi.

"Injiniya. Ashe akuyata har inji take shiga ta ɓoye kaya?"

Layi ya fashe da dariya, har da masu faɗuwa. Kawu ya duƙa yana lalube takalminsa a cikin kwata. To, da a nan aka tsaya, da ban tara ku ba. Amma tsugune ba ta ƙare ba.

Garin saurin fitowa gaisawa, kawunku bai ja hambirki ba, da ma can ba ya ci sai an roƙe shi. Girgizar fashewar ta motsa motar. Ana can ana dariya, Amalala ta fara silalewa, bonet a ɗage, hayaƙi na tashi, ba direba, Antinku zaune a gaba ta ƙanƙame jaka tana salati. Ta gangara a hankali kamar mai tafiyar ƙasaita, ta bi ta kan jarkokin da aka jere, ta je ta dunguri dakalin ƙofar gida, ta tsaya cak.

Duk aka bi ta da kallo baki buɗe. Da aka waigo kuma, akuyar Tela, wadda aka ɗaure kwana da kwanaki a kan laifin da ba ta yi ba, ta miƙa wuya iyakar igiyarta ta jawo dafaffen ɗankwalin. Ya yi laushi, ya yi ɗumi. Kafin Tela ya kai hannu saura gefe.

Kawu ya fito daga kwata yana ɗingishi, ya kalli mota, ya kalli akuya. Sai ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku ne shaida! An zuba ruwa? An tura? Ga Hajiya can a ƙofar gida! Ɗankwali kuma, wa kuka ga ya ci? Ban faɗa muku akuya ba ce?"

To, kun ji. Da yamma suka zo min su biyu, Tela na biye da su. Antinku ta ce mota ta fashe a gaban duniya, masu tsohon ƙarfe su zo. Kawunku ya ce ya cika sharaɗi ƙafa da ƙafa, kuma da ba don ɗankwalinta ya shiga masa inji ba da yanzu ana labarinsa a gari. Tela ya ce shi ba ruwansa da mota, a wanke masa akuya a bainar jama'a. Na karɓe makullin don kada a yi kisan kai a tsakar gidana.

Tun ranar, shi ya zo da safe, ita ta zo da la'asar. Shi ƙanena ne, duk hukuncin da na yanke za a ce na yi son kai ko na ci zumunci. Ku ne kuka yi karatu, wasunku har mota gare su. Ga makulli nan, ku zauna ku raba wannan gardama, ku faɗa min wa zan miƙa wa. Kuma ku yi da jiki, don jiya na kama shi a kicin ɗina ya tsura wa famfo ido yana gyaɗa kai, ya ce min akwai ragowar gam.